SHARHI: “Ai Gara Mu da Su” Ba Amsa Ba Ce ga Mai Jiran Albashi

Aikina a wannan jarida shi ne tace rubutu kafin ya fita, don haka sanarwar jam'iyyu ta manema labarai takan bi ta hannuna kusan kullum. Na kai matsayin da nakan iya rubuta kanun labarin tun ban karanta sakin layi na biyu ba. Idan Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da alƙaluman hauhawar farashi, ko ’yan bindiga suka afka wa wani ƙauye, sanarwar ’yan adawa za ta iso kafin azahar. Kafin la'asar martanin jam'iyya mai mulki ya biyo baya, kuma da wuya ya tsaya a kan abin da ya faru. Zai koma ne kan shekara 16 da PDP ta yi tana mulki, da irin ɓarnar da aka gada. Washegari ’yan adawa su dawo da farashin buhun shinkafa da na dala a 2014. A haka ake rufe zancen, har wani abin ya sake faruwa.

Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi sun fi ni sanin sana'ar, domin a cikinku akwai masu rubuta waɗannan takardu, akwai kuma masu zaune a ofisoshin da ake tattaro alƙaluman da ake kafa hujja da su. Shi ya sa nake ganin ya dace mu tsaya mu duba wannan sikeli da ake ta auna gwamnati da shi, mu ga ko yana auna wani abu.

Kwatanta jam'iyya da jam'iyya yana da muhallinsa, kuma muhallin shi ne rumfar zaɓe. Mai jefa ƙuri'a yana da takarda ɗaya a hannu, sunayen da ke kanta kuma ba shi ya zaɓo su ba. Dole ya dangwala wa ɗaya, ko da a ransa cewa yake yi da babu gara ba daɗi. Babu mai zarginsa a kan haka. Sai dai ranar zaɓen shugaban ƙasa ɗaya ce tak a cikin shekara huɗu. A sauran kwanakin tambayar da ke gaban ɗan ƙasa daban ce: wanda ya karɓi rantsuwa, yake karɓar haraji, yake sa hannu a kasafin kuɗi, ya yi abin da ya ce zai yi? Wannan tambaya ba ta da alaƙa da halin wanda ya faɗi zaɓe. Kundin Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 14, ya ɗora tsaro da jin daɗin jama'a a wuyan gwamnati a matsayin babban dalilin kafa ta, bai kuma yi sassauci ga gwamnatin da ta gaji wadda ta fi ta lalacewa ba.

Kafin ma a kai ga wannan, akwai matsalar sanin wa ake aunawa da wa. An yi wa APC rajista a watan Yulin 2013 bayan haɗewar ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA, amma ba ta zama barazana ta gaske ba sai a watan Nuwamban shekarar, lokacin da gwamnonin PDP biyar suka shigo ta: Rabi'u Kwankwaso na Kano, Aliyu Wamakko na Sakkwato, Murtala Nyako na Adamawa, Abdulfatah Ahmed na Kwara da Rotimi Amaechi na Ribas. Atiku Abubakar ya biyo su a farkon 2014, Kakakin Majalisar Wakilai Aminu Tambuwal ya biyo baya a watan Oktoba. Amaechi, wanda ya jagoranci yaƙin neman zaɓen Muhammadu Buhari, ya yi shekara takwas yana Kakakin Majalisar Dokokin Ribas a inuwar PDP kafin ya zama gwamna a cikinta. Abdullahi Adamu, da ya shugabanci APC daga 2022 zuwa 2023, gwamnan PDP ne a Nasarawa daga 1999 zuwa 2007. Sakataren Gwamnatin Tarayya George Akume ya yi waɗannan shekaru takwas ɗin yana mulkin Binuwai a jam'iyyar. Mu mazauna Abuja kuwa ba ma buƙatar tuni: a watan Agustan 2023 aka rantsar da Nyesom Wike a matsayin Ministan Babban Birnin Tarayya, yana riƙe da katin PDP a aljihunsa.

Ta ɗaya ɓangaren ma haka abin yake. Haɗakar da ta rungumi ADC a watan Yulin 2025 ta ɗora David Mark a kujerar shugaba, mutumin da ya yi shekara takwas yana Shugaban Majalisar Dattawa a zamanin PDP, sannan ta ba Rauf Aregbesola sakatare, wanda ya kammala mulkinsa na gwamnan Osun a APC, ya kuma yi Ministan Harkokin Cikin Gida a cikinta. Amaechi da Nasiru El-Rufa'i, waɗanda suka yi shekaru suna cikin masu faɗa a ji a zamanin Buhari, yau su ne ke sukar gwamnati. To idan mai magana da yawun jam'iyya mai mulki ya la'anci shekara 16, kashi nawa na la'anar ke sauka a kan teburin Majalisar Zartarwa? Idan ɗan adawa ya yi tir da shekara goman APC, ina zai kai abokan zamansa na yau? Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, kuma sikelin da kaya ke tsallakawa daga wannan faranti zuwa wancan ana tsaka da awo, babu ɗan kasuwar da zai yarda da shi.

Sai kuma lokaci. APC ta cika shekara goma a kan mulki a watan Mayun 2025. Yaron da zai cika shekara 18 ya yi zaɓensa na farko a 2027 yana ɗan shekara shida aka rantsar da Buhari. Jami'in da aka ɗauka aiki a mataki na 08 a 2015, idan ƙarin girmansa bai yi tsaiko ba, yanzu yana mataki na 12, kuma bai taɓa karɓar albashin shekara guda cikakkiya daga gwamnatin PDP ba. Hujjar gado tana da ƙarfi a shekarar farko, tana da sauran kwari a ta biyu. A shekara ta goma kuwa, abin da gwamnatin yau ta gada, daga hannun jam'iyyarta ta gaje shi. Bashin ƙasa da Ofishin Kula da Basussuka ya lissafa a kan naira tiriliyan 12 da ’yan kai a tsakiyar 2015 ya haura tiriliyan 87 a tsakiyar 2023, har da tiriliyan 22.7 da gwamnatin Buhari ta ranta daga Babban Banki, Majalisa ta mayar da shi bashi na dogon zango ana gab da miƙa mulki. Faɗuwar darajar naira ta kumbura wani ɓangare na wannan adadi, amma babu tambarin lema a jikin takardun.

Kada ’yan adawa su yi saurin murna, domin nasu lissafin ma yana da rami. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce aljihun ma'aikaci, kuma a kan takarda tana da ban tsoro. Mafi ƙarancin albashi na naira 18,000 da aka sa wa hannu a 2011 yana sayen litar fetur 185 a farashin naira 97, ya kuma kai lita 206 da aka rage farashin zuwa naira 87 a watan Janairun 2015. Da Buhari ya kai lita naira 145 a watan Mayun 2016, sai ya koma lita 124. Naira 30,000 ta 2019 ta mayar da shi lita 206. A watan Yulin 2023, da lita ta kai naira 617 a Abuja, wannan albashi bai wuce lita 48 ba. Naira 70,000 ta 2024 kuwa lita 68 ta iya saye a watan Oktoban shekarar, lokacin da gidajen man NNPC ke sayarwa a kan naira 1,030. Ko a naira 900 aka yi lissafin, lita 77 ce. Duk wanda ke tasowa daga Mararraba ko Kubwa ko Gwagwalada zuwa Sakatariyar Tarayya kowace safiya ya san wannan jadawali a jikinsa, ba sai an zana masa ba.

Amma wane ne ya biya kuɗin waccan lita mai arha? Daga 2011 zuwa tsakiyar 2014 gangar ɗanyen mai ta fi dala 100 a mafi yawan lokaci, a watan Janairun 2016 kuwa ta faɗo ƙasa da dala 30. Asusun rarar ɗanyen mai, wanda ya kai kusan dala biliyan 20 a 2008, bai wuce biliyan biyu da kaɗan ba lokacin da Goodluck Jonathan ya sauka, duk da shekarun yalwar da aka yi. Binciken da Majalisar Wakilai ta yi a 2012 ya nuna an kashe fiye da naira tiriliyan biyu a kan tallafin mai a 2011, alhali abin da aka ware a kasafi naira biliyan 245 ne. Wato arhar da ake tunawa da ita, rabinta sa'ar kasuwar duniya ce, rabinta kuma cin ajiya ne. Mai kare APC zai so in tsaya a nan, sai dai asusun nan bai kai dala miliyan ɗaya ba a tsakiyar 2022, shekarar da tallafin mai ya laƙume sama da naira tiriliyan huɗu. Kowane ɓangare yana da shekarar da yake son a fara ƙidaya daga gare ta, da wadda yake son a tsaya.

A fannin tsaro abin ya fi muni, domin gawa ake aunawa da gawa. Wannan ya ce Nyanya da Chibok, waɗanda suka faru rana ɗaya, 14 ga Afrilun 2014. Wancan ya ce Dapchi da Ƙanƙara, da jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022, da fasa gidan yarin Kuje bayan wata uku da ’yan kwanaki, da Kuriga a 2024. Ban taɓa jin uban da aka sace wa ɗa ya samu sauƙi a zuciyarsa don an tuna masa an sace na wani a mulkin da ya gabata ba.

Batun cire tallafin mai shi ne ya fi fito da raunin wannan sikeli fili. A watan Janairun 2012, da Jonathan ya kai lita daga naira 65 zuwa 141, manyan ’yan adawa na lokacin, har da Bola Tinubu, sun yi tir da matakin, zanga-zanga ta tsayar da ƙasa, gwamnati ta ja da baya. A yaƙin neman zaɓen 2023 kuwa Tinubu da Atiku da Peter Obi duk sun yi alkawarin cire tallafin. Kasafin kuɗin da Buhari ya bari ma bai tanadi kuɗinsa ba sai zuwa ƙarshen watan Yuni. Saboda haka idan hadimin gwamnati ya ce ai su ma da sun ci cirewa za su yi, gaskiya ya faɗa. Amma gaskiyar ba ta taɓa inda ke yi wa mutane ƙaiƙayi ba. An sanar da cire tallafin ranar 29 ga Mayun 2023. Bayan mako biyu aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Ba a cimma yarjejeniyar ƙarin naira 35,000 ga ma'aikatan tarayya ba sai a farkon Oktoba, bayan ƙungiyoyin ƙwadago sun yi barazanar yajin aiki, kuma bashin wasu watanni na wannan ƙari ya kai har cikin 2025. A watan Afrilun 2024 aka ninka kuɗin wutar lantarki fiye da sau uku ga masu rukunin A. Sabon mafi ƙarancin albashi bai zama doka ba sai a ƙarshen Yulin 2024, wata 14 cur bayan cire tallafin. Jera matakan a haka, da barin wannan tazara a tsakaninsu, shawara ce da gwamnati mai ci ta yanke ita kaɗai. Babu wanda ya san yadda Atiku ko Obi za su jera nasu, domin ba su samu dama ba, kuma ba a auna abin da ya faru da abin da bai faru ba.

Akwai ma'aunin da ya fi wannan adalci ga kowa, har ga gwamnatin kanta, shi ne bakinta. A 2015 APC ta ɗauki alkawura uku: tsaro, tattalin arziki da yaƙi da cin hanci. Ranar 12 ga Yunin 2019 Buhari ya ce za a iya fitar da mutum miliyan 100 daga talauci a cikin shekara goma. A watan Nuwamban 2022 Hukumar Ƙididdiga ta ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban. Gwamnatin Tinubu ta yi maganar rage tsadar gudanar da mulki, ta kuma ba da umarni a watan Fabrairun 2024 a aiwatar da rahoton Oronsaye, wanda aka miƙa tun 2012, ya kuma ba da shawarar rage hukumomin da doka ta kafa daga 263 zuwa 161. Gwamnatin da ta ba da umarnin ita ce ta rantsar da ministoci 45 a rana ɗaya, daga baya ta ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo. Masu aiki a hukumomin da aka ce za a haɗe sun fi kowa sanin inda maganar ta kwana. A wannan ma'auni dai gwamnati na iya cin maki na halal: rancen ɗalibai da aka fara bayarwa a 2024 alkawari ne da aka ɗauka aka kuma cika, haka nan kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai. Yabon da aka samu ta wannan hanya yana da nauyi, domin ba a jingina shi da gazawar wani ba.

Ma'aikacin gwamnati yana da wani dalili na musamman na ƙin yarda da rabon tarihi gida biyu, domin fayil ba ya ɗauke da katin jam'iyya. Tsarin biyan albashi na IPPIS an fara shi a 2007. Asusun bai ɗaya na gwamnati an soma gwada shi a 2012, Buhari ya tilasta shi a kan kowace ma'aikata a 2015. Layin dogon Abuja zuwa Kaduna an yi mafi yawan aikinsa a zamanin Jonathan, Buhari ya buɗe shi a watan Yulin 2016. Yajin aikin malaman jami'o'i ya ci wata biyar da rabi a 2013, wata tara a 2020, wata takwas a 2022, duk a kan yarjejeniyar 2009. Alheri da cuta duka suna tsallake ranar rantsarwa ba tare da sun nemi izini ba.

Wurin da kwatanci yake da ma'ana ta gaske shi ne jihohi, inda jam'iyyu daban-daban ke mulki a lokaci guda, da farashin mai guda da darajar naira guda. A nan ana iya tambaya: wa ya biya albashi a kan kari, wa ya biya ’yan fansho, wa ya saki kuɗin ƙananan hukumomi bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024? Abin da mutum zai tarar shi ne bambancin na gwamna da gwamna ne. Godwin Obaseki na Edo ya sanar da albashin naira 70,000 tun kafin Gwamnatin Tarayya ta kai nan, yana PDP, amma a APC ya fara cin zaɓe. Samuel Ortom ya tara bashin albashi a Binuwai yana APC, ya koma PDP a 2018 da bashin a kansa. Zaɓen ƙananan hukumomi kuwa, kusan ko'ina jam'iyyar gwamna ce ke kwashe kujerun, ko tsintsiya ce ko lema. Wannan ɗan filin gwaji ma yana ta ƙanƙancewa. A 2025 gwamnonin Delta da Akwa Ibom da Inugu sun koma APC, na Delta ma tare da Ifeanyi Okowa, wanda ya yi wa Atiku takarar mataimaki shekara biyu kafin nan.

A nan ne haɗarin yake. Idan ma'aunin gwamnati shi ne abokin hamayyarta, to duk lokacin da abokin ya ƙara rugujewa, gwamnati ta ƙara cin jarrabawa ke nan ba tare da ta rubuta komai ba. Har ma ya zama riba gare ta ta sa ƙarfinta wajen raunana shi maimakon gyara aikinta. Sakamakon 2023 ya isa ishara. Tinubu ya samu ƙuri'a 8,794,726. Atiku da Obi da Kwankwaso, waɗanda duk suna PDP a farkon 2022, sun tara sama da miliyan 14 da rabi a tsakaninsu. Daga cikin mutum miliyan 93 da suka yi rajista, waɗanda suka fita ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Mafi yawan ’yan ƙasa an ba su faranti biyu ko uku su auna, suka zauna a gida.

Ga hadimai kuwa, akwai darasin da ba shi da nisa. A 2008 shugaban PDP na lokacin, Vincent Ogbulafor, ya yi alfaharin cewa jam'iyyarsa za ta yi shekara 60 tana mulki. A watan Afrilun 2014 aka sake lissafin tattalin arzikin ƙasa, ya kai dala biliyan 510, Najeriya ta zama ta ɗaya a Afirka. Masu kare gwamnatin Jonathan sun shafe watannin da suka biyo baya suna tuna wa jama'a dokokin soja na 1984 da yadda Buhari ya ɗaure ’yan jarida. Abin da suka faɗa ya faru a tarihi, amma mutanen da ke gudun hijira daga Gwoza da Mubi ba tarihin 1984 suke tambaya ba. Matsalar sanarwar “gara mu da su” ita ce mai rubuta ta yakan fara gaskata ta, daga nan ta shiga takardar bayanin da yake kai wa maigidansa, maigidan kuma ya daina jin abin da ke faruwa a waje. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta farkon Agustan 2024 ba wata jam'iyya ce ta kira ta ba, saboda haka da ta iso babu wanda za a nuna a ce mun fi shi.

Misali na kusa yana kan teburin da yawa daga cikinku. A watan Disamban 2019 Buhari ya sa hannu a kasafin 2020, aka dawo da zagayen Janairu zuwa Disamba, kuma APC ta daɗe tana lissafa wannan a cikin nasarorinta. Kasafin 2025 bai samu sa hannu ba sai a ƙarshen Fabrairu. Ɓangaren manyan ayyuka na kasafin 2024 kuwa Majalisa ta tsawaita shi zuwa ƙarshen Yunin 2025, ta sake tsawaita shi zuwa ƙarshen Disamba, ma'aikatu suka koma gudanar da kasafi biyu a lokaci guda, ’yan kwangilar cikin gida suka yi ta zanga-zanga a Abuja suna neman kuɗin ayyukan da suka kammala. Jam'iyyar da ta kafa ƙa'idar ita ce ke da rinjaye a zaurukan Majalisa biyu, ita ce kuma ke riƙe da Ma'aikatar Kuɗi da ta Kasafi.